Me ya sa har yau wasu tsibirai ke hannun Faransa, Birtaniya da Amurka?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Maraɗi. Lokacin da guguwa ta afka wa tsibirin Mayotte a ƙarshen 2024, mun ji gidajen rediyo suna cewa yankin Faransa ne, alhali yana can kusa da Madagaska, mutanensa kuma baƙar fata ne, Musulmi. Ɗalibaina suka tsare ni da tambaya: ba an ce mulkin mallaka ya ƙare tun 1960 ba? Don Allah a yi mana bayani. Waɗannan tsibiran tilas ake yi musu, ko su ne ba sa son 'yanci? Kuma me manyan ƙasashen ke samu da suka ƙi sakinsu?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira, ya yi wa ɗaliban albarka. Tambayarka biyu ce a dunƙule: me ya hana mutanen tsibiran tafiya, me kuma ya hana manyan ƙasashen saki. Amsar ta farko, duka biyun da ka ambata akwai su. Akwai tsibiran da su ne suka riƙe wa babbar ƙasar riga suka ce ba ta isa ta tafi ta bar su ba. Akwai waɗanda aka riƙe ba a tambaye su ba, har da inda aka kwashe mutanen ɗungurungum don kada a sami wanda za a tambaya.

A ajin dokar ƙasa da ƙasa da nake koyarwa, ba na fara wannan darasi da cewa shin mutanen suna so ko ba sa so, domin kusan ko'ina za a ɗauko maka sakamakon wata ƙuri'a a nuna maka. Abin da nake sa ɗalibai su fara tonowa shi ne wa ya yanke su wa za su jefa ƙuri'ar, a cikin wace iyaka za a ƙirga ta, me kuma aka rubuta a kan takardar. Rigimar kusan kowane tsibiri a nan take kwance.

Inda hanya ta rabu

Tun da a Nijar kake, mu fara da abin da ɗalibanka suka sani. Ranar 28 ga Satumba 1958 da Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama, wadda Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka yi kiran a ce a'a, ba a Afirka ta Yamma kaɗai aka jefa ta ba. A ranar aka jefa ta a Moroni na tsibiran Komoro, da Nouméa na Sabuwar Kaledoniya, da Tahiti na Polinesiya. A Tahiti ma akwai nasu mai cewa a'a, Pouvanaa a Oopa. Bayan eh ta yi rinjaye aka kama shi, aka ɗaure, aka kai shi Faransa, sai a 2018 wata kotun Faransa ta soke hukuncin, shi kuwa ya daɗe a kabari. Yankunan da suka ce eh an ba majalisunsu zaɓi. Nijar ta zaɓi zama jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, daga nan ta wuce zuwa 'yancin 1960. Tsibiran Komoro da Sabuwar Kaledoniya da Polinesiya suka zaɓi ci gaba da zama yankunan Faransa na ƙetare. Su kuwa Martinique da Guadeloupe da Réunion tun 1946 suka zama lardunan Faransa cikakku, kuma wanda ya gabatar da dokar a majalisar Paris shi ne Aimé Césaire na Martinique, mutumin da ba wanda ya kai shi caccakar mulkin mallaka. A ganinsa a lokacin, hanyar fitar da jikokin bayi daga hannun masu gonakin rake ita ce a ba su cikakken haƙƙin Bafaranshe.

A Disamban 1960 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 1514 wanda ya ce kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓar makomarta. Washegari ta ƙara da mai lamba 1541 da ya fayyace hanyoyi uku: cikakken 'yanci, ko ƙawance na ganin dama da wata ƙasa, ko haɗewa da ita a zama abu ɗaya. Ke nan a doka ba tuta da taken ƙasa kaɗai ake kira fita daga mulkin mallaka ba. Yau yankuna 17 suka rage a jerin Majalisar na waɗanda ba sa mulkin kansu, in ka cire Yammacin Sahara da Gibraltar sauran duk tsibirai ne, kuma jimillar mutanensu ba ta kai miliyan biyu ba. Goma na hannun Birtaniya, uku na Amurka, biyu na Faransa, ɗaya na New Zealand. Sai dai kada a ɗauki jerin a matsayin ma'auni, siyasa ce ke sa suna a ciki, ita ce kuma ke cirewa. Mayotte ba ya ciki. Puerto Rico mai mutum sama da miliyan uku an cire shi tun 1953. Polinesiya an cire ta tun da wuri, sai a 2013 aka mayar da ita, Faransa tana hushi.

Mayotte

Tsibiran Komoro huɗu ne: Ngazidja, Anjouan, Mohéli da Mayotte. Addini ɗaya, harsuna 'yan'uwa, auratayya tun kaka da kakanni. Amma Mayotte ya riga sauran shiga hannun Faransa, domin a 1841 Sarki Andriantsoly ya sayar da shi, sauran ukun kuwa sai a 1886. A can ne hedkwatar mulki take, a Dzaoudzi, har zuwa ƙarshen shekarun 1950 da aka yanke shawarar mayar da ita Moroni. Ma'aikata suka kwashe, kuɗi suka bi su, mutanen Mayotte suka ga kamar manyan gidajen Ngazidja da Anjouan za su danne su. Mata ne suka fi ɗaukar zafi. Wata mai suna Zéna M'Déré ta jagoranci gungun mata da in jami'in gwamnatin Moroni ya sauka a tsibirin sai su yi masa zobe su dinga yi masa cakulkuli har ya galabaita ya koma jirgi, domin babu dokar da ta hukunta cakulkuli. Takensu shi ne suna so su zauna da Faransa don su kasance 'yantattu. Wanda bai san tarihin ba zai ji maganar bambaraƙwai, amma Bahaushe ya san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Maƙwabcin da ke nisan kilomita 70 ya fi ba su tsoro a kan Baturen da ke nisan dubu takwas.

Ranar 22 ga Disamba 1974 aka yi ƙuri'a. A jimillar tsibiran huɗu kusan kashi 95 cikin 100 suka zaɓi 'yanci, amma a Mayotte kusan kashi 63 suka ce a'a. Faransa ta ce za a ƙirga tsibiri-tsibiri. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin Moroni, ya ayyana 'yancin Komoro ranar 6 ga Yuli 1975 da tsibirai huɗu, Faransa ta riƙe ɗaya. A Fabrairun 1976 ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu kan batun, ta sake shirya ƙuri'a a Mayotte kaɗai, sama da kashi 99 suka ce suna nan. A 2009 kashi 95 suka amince tsibirin ya zama lardi, ya kuma zama lardin Faransa na 101 a ƙarshen Maris 2011. Har yau tutar Komoro taurari huɗu gare ta, kuma Tarayyar Afirka tana ɗaukar Mayotte ƙasar Komoro.

A doka hujjar Komoro ta fi ƙarfi. Ƙuduri na 1514 ya hana a yanki wani ɓangare na yankin mallaka a jajibirin 'yanci, shugabannin Afirka ma a Alƙahira a 1964 sun amince a riƙe iyakokin da aka gada. In na raba ɗalibai gida biyu suka yi shari'ar gwaji a kan Mayotte, ɓangaren Komoro ne ke yin nasara ba wuya. Amma in na ce wa waɗanda suka yi nasarar to yanzu ku je Mamoudzou, babban birnin Mayotte, ku sanar da mutane cewa daga gobe babu fasfon Faransa, babu yuro, babu asibitin da Paris ke biya, sai aji ya yi tsit. Komoro bayan 'yanci ta sha juyin mulki da yunƙurinsa sama da ashirin, wasu da hannun sojan haya Bafaranshe Bob Denard. A 1997 Anjouan kansa ya ɓalle ya roƙi Faransa ta karɓe shi, ta ce ba ta so.

Bari in ɗan ratse, ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A Fabrairun 1961 an yi ƙuri'a a yankin Kamaru na Ingila, aka ƙirga arewa daban, kudu daban. Arewa, wato su Mubi da Gwoza da Dikwa, ta zaɓi Najeriya, kudu ta zaɓi Kamaru. Cin gashin kai ba ya cikin zaɓin da aka rubuta a takardar. Da an ƙirga a dunƙule, ko an ƙara zaɓi na uku, da wataƙila wata taswira kake koyarwa yau.

Me Mayotte ya samu? Ya fi maƙwabtansa arziki nesa ba kusa ba, kuma shi ne lardin da ya fi kowane talauci a Faransa: kashi 77 cikin 100 na mutanensa suna ƙasa da ma'aunin talauci na ƙasar. A 1995 gwamnatin Faransa ta firaminista Balladur ta sa wa 'yan Komoro bizar shiga Mayotte, ziyarar dangi ta koma fasa-ƙwauri. Mutane suna tsallakowa daga Anjouan da dare a ƙananan kwale-kwale da ake kira kwasa-kwasa, an cika su maƙil da mata masu ciki da marasa lafiya. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta waɗanda teku ta ci tsakanin 7,000 da 10,000. Kusan rabin mazauna tsibirin yanzu ba 'yan Faransa ba ne a takarda, da yawa suna zaune a bukkokin kwano a gefen tsaunuka, su ne guguwar Chido ta 14 ga Disamba 2024 ta fi yi wa raga-raga. Akwai kuma farashin da ba na kuɗi ba. Kafin a ba su matsayin lardi, a 2010 aka karɓe ikon shari'a daga hannun alƙalan Musulunci, aka haramta ɗaura sabon aure da mace fiye da ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba Mayotte kaɗai ya yi wannan ba. A 1967 mutanen Anguilla a Karebiyan suka kori 'yan sandan St Kitts da Ingila ta haɗa su ƙasa ɗaya da shi. A 1969 Landan ta aika sojojin laima da 'yan sanda su murƙushe tawaye, suka tarar abin da 'yan tawayen ke nema shi ne Ingila ta dawo ta mulke su kai tsaye. Har yau suna hannunta.

Chagos, inda ba a tambayi kowa ba

In ɗalibanka suna neman mulkin mallaka tsirara, ka kai su tsakiyar Tekun Indiya. Tsibiran Chagos wani ɓangare ne na Morishus. Mazaunansu jikokin bayi ne da aka kawo daga Madagaska da Mozambik tun ƙarshen ƙarni na 18 don aikin gonakin kwakwa, suna da ƙauyukansu da cocinsu da maƙabartunsu. A 1965, shekara uku kafin 'yancin Morishus, Birtaniya ta yanke tsibiran ta biya fam miliyan uku. A 1966 ta ba Amurka Diego Garcia, mafi girmansu, don gina sansanin soja, ita kuma aka yi mata rangwamen dala miliyan 14 a cinikin makamai masu linzami na Polaris. Amurka ta ce tsibiri take so babu kowa.

Dubi yadda aka yi. Jami'an Landan suka rubuta a takardu cewa mutanen leburorin kwantiragi ne, ba 'yan ƙasa ba, domin in babu al'umma babu wanda za a ba haƙƙin zaɓi, babu rahoton da za a kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya tafi Morishus ganin likita ko ziyara, in ya je sayen tikitin komawa sai a ce masa babu. Aka rage jiragen da ke kawo abinci. Aka tattara karnukansu aka kashe da hayaƙi a gaban idonsu. Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mutum 1,500 zuwa 2,000 aka zube su a tashoshin jiragen ruwa na Morishus da Seychelles. Daga sansanin nan ne jiragen yaƙi suka riƙa tashi zuwa Iraƙi da Afganistan.

Sun yi nasara a babbar kotun Landan a 2000. A 2004 gwamnati ta fitar da umarni da sunan Sarauniya, ba tare da bi ta majalisa ba, ta sake haramta musu komawa, kuma a 2008 kotun ƙoli ta lokacin ta goyi bayan gwamnati. Sai ranar 25 ga Fabrairu 2019 Kotun Duniya, a ƙarƙashin shugabancin Abdulqawi Yusuf ɗan Somaliya, ta ba da fatawa da rinjayen alƙalai 13 a kan 1 cewa yanke Chagos ya saɓa wa doka, Birtaniya ta tattara ta fita. Babban zauren Majalisar ya mara baya da ƙuri'a 116, ƙasashe 6 suka ƙi. A watan Mayun 2025 Birtaniya da Morishus suka sa hannu a yarjejeniyar mayar da tsibiran, da sharaɗin hayar Diego Garcia ta shekara 99 a kan kimanin fam miliyan 101 duk shekara. Abin da ke damuna a wannan nasarar shi ne ƙasa da ƙasa suka yi ciniki. Yarjejeniyar ba ta ba mutanen damar komawa Diego Garcia ba, kuma da yawansu, musamman mazauna garin Crawley a Ingila, suna cewa wannan karon ma a kansu aka yi magana, ba da su ba.

Sabuwar Kaledoniya da rajistar masu zaɓe

Nan kuma ba kwashe mutane aka yi ba, ƙaro wasu aka yi. Faransa ta kama tsibirin a 1853, ta mayar da shi gidan yarin da take jibge fursunoni, ta tura 'yan asalin wurin, Kanak, zuwa keɓaɓɓun yankuna. Da kasuwar ƙarfen nikel ta buɗe, a 1972 firaminista Pierre Messmer ya rubuta ƙarara cewa a ƙarfafa ƙaurar Faransawa zuwa can don kada masu neman 'yanci su yi rinjaye. Yau Kanak kusan kashi 40 cikin 100 ne a ƙasar kakanninsu. Bayan zubar da jini a Ouvéa a 1988 aka yi sulhu, sannan yarjejeniyar Nouméa ta 1998 ta yi alƙawarin ƙuri'a har sau uku, ta kuma taƙaita rajistar masu zaɓe ga waɗanda suka daɗe a ƙasar. A 2018 masu cewa a zauna da Faransa sun sami kusan kashi 57, a 2020 suka sauko zuwa 53. Ta uku aka sa ta Disamban 2021, cutar korona ta yi wa Kanak ɓarna, shugabanninsu suka roƙi a ɗage saboda suna zaman makoki. Paris ta ƙi. Suka ƙaurace, aka sami kashi 96 na masu cewa a zauna, amma waɗanda suka fito ba su kai rabi ba. A takarda an yi ƙuri'a uku an gama. A Mayun 2024 da Paris ta nemi buɗe rajistar ga sababbin zuwa, Nouméa ta kama da wuta, mutum 14 suka mutu.

Ribar manyan ƙasashe

Yawancin tsibiran nan, in albashi da tallafi za a lissafa, asara suke jawo wa baitulmalin Paris ko Landan. Ribar tana wani wajen. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon cin arzikin ruwa har mil 200 daga gaɓarta, kifi da mai da ma'adinan ƙarƙashin teku. Saboda haka ɗan tsibiri yana jawo teku mai faɗin wata ƙasar. Faransa tana da sama da murabba'in kilomita miliyan 10 na irin wannan ruwa, ita ce ta biyu a duniya bayan Amurka, kusan ninki takwas na faɗin Nijar, kuma kusan kashi 97 cikin 100 daga yankunan ƙetare yake.

Sai soja. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Guam, wadda Amurka ta ƙwace daga Sifaniya a 1898, sansanoni ne masu fuskantar Sin. Kuma akwai aikin da ba a son yi a gida. Ka tuna Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Saharar Aljeriya a 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961 a kan haka. Da Sahara ta kuɓuce mata sai ta koma Polinesiya, ta yi gwaji 193 a Moruroa da Fangataufa daga 1966 zuwa 1996.

Na Birtaniya wasu sun kama wata sana'ar: rajistar kamfanoni da ɓoye dukiya. Tsibiran Cayman da British Virgin Islands suna sayar da abu biyu a haɗe, rashin haraji na ƙaramin tsibiri da amincin kotunan Ingila. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kamfanin P&ID da ya nemi karɓar kimanin dala biliyan 11 daga Najeriya a kan kwangilar iskar gas, kafin wata kotun Landan ta rusa hukuncin biyan kuɗin a 2023, a British Virgin Islands aka yi masa rajista.

Abin da zaman ke ci

Mai zama a inuwar babbar ƙasa yana da fasfo mai buɗe ƙofofi, yana da wanda zai kawo ɗauki. Da dutse mai aman wuta ya fara tashi a Montserrat a 1995 har ya binne babban birninsu Plymouth, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen suka fice, da yawa Ingila suka nufa. Amma maganar ƙarshe ba a bakinsa take ba. A 2009 Landan ta dakatar da gwamnatin da mutanen Turks and Caicos suka zaɓa bisa zargin cin hanci, gwamnanta ya yi mulki kai tsaye har 2012. Ɗan Puerto Rico ɗan Amurka ne tun 1917, yana shiga soja, amma muddin a tsibirin yake zaune ba ya zaɓen shugaban ƙasa, kuma tun 2016 wani kwamiti da Washington ta naɗa ke da ikon ƙarshe a kan kasafin kuɗinsu saboda bashin da ya haura dala biliyan 70.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Martinique da Guadeloupe. Daga 1972 zuwa 1993 an yi ta zuba wani maganin ƙwari mai suna chlordécone a gonakin ayaba. Amurka ta daina yin sa tun tsakiyar shekarun 1970, Faransa ta haramta shi a 1990, amma aka ba masu gonakin tsibiran ƙarin shekara uku. Yau akwai burbushinsa a jinin sama da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a can, ya gurɓata ƙasa da koguna da kifin gaɓa. Waɗannan fa lardunan Faransa ne cikakku, masu 'yan majalisa a Paris. Ga tsadar rayuwa: abinci a Martinique ya fi na Faransa tsada da kusan kashi 40 cikin 100, domin kusan komai daga can ake ɗauko shi, ta hannun 'yan kamfanoni kaɗan.

Ko a harkar tafiya za ka ga haɗewar ba ta cika ba. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo mini takardunsa yana faɗa, yana da bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai, da ofishin jakadancin Faransa ya ba shi, ya sayi tikitin Réunion, aka hana shi hawa jirgi. Na nuna masa cewa masu jirgin ne ke da gaskiya. Réunion da Mayotte da Martinique Faransa ne, yuro suke kashewa, amma ba sa cikin yankin Schengen, bizarsu daban ce. Na Pasifik kuwa ko yuro ba sa kashewa, suna da nasu faran da aka ƙirƙira a Disamban 1945 tare da sefar da ke aljihunka.

To mene ne mafita?

Hujjar da aka fi kawowa ita ce sun yi ƙanƙanta, ba za su iya riƙe kansu ba. Ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Seychelles mai mutum wajen dubu ɗari tana sahun gaba a Afirka wajen kuɗin shigar kowane mutum. Morishus da Cape Verde da Barbados duk sun tsaya da ƙafafunsu. Amma Komoro ma misali ce, kuma ita mutanen Mayotte ke hange kullum. Abin da na lura shi ne duk shekarar da ta wuce fita tana ƙara tsada: albashi ya ɗaure da na babbar ƙasa, rabin dangi sun koma can, noman gida ya mutu. Aruba an tsara za ta sami 'yanci daga Holan a 1996, da lokaci ya matso ita da kanta ta nemi a jingine maganar. Ba na kiran mai irin wannan zaɓi wawa ko bawa. Sai dai ƙuri'ar da aka jefa bayan an gina tattalin arziki yadda ba zai rayu sai da tallafi ba, ba ta wanke wanda ya gina shi haka.

Ni a ganina hanyar da ba a cika ba ta haƙƙinta ba ita ce ta tsakiya, ƙawancen ganin dama. Tsibiran Cook tun 1965, da Niue tun 1974, suna yin dokokinsu, suna hulɗa da wasu ƙasashe, mutanensu na riƙe da fasfon New Zealand, kuma suna da ikon sauya tsarin ranar da suka ga dama. Ita ma tana da nata ciwon: yawancin mutanen sun yi amfani da fasfon sun koma New Zealand, tsibiran sun rage jama'a.

Iyakar fannina ke nan, Malam. Doka tana iya gaya maka cewa yanke Chagos haramun ne, ƙirgen Mayotte ma akwai alamar tambaya a kansa. Ba ta da amsar abin da za a yi idan haƙƙin ƙasa a kan iyakarta ya yi karo da abin da mutanen da ke zaune a wurin suka nace suna so shekara hamsin. Wani lokacin ma ƙa'idar ƙirge kaɗai ke yanke hukunci. A Tokelau, 'yan tsibirai uku masu mutum wajen 1,500, New Zealand ce ke son su karɓi mulkin kansu, mafi yawansu kuma suka ce eh a 2006, suka sake cewa eh a 2007. Amma an gindaya sai an sami kashi biyu cikin uku, kuma a karo na biyu ƙuri'a 16 suka rage a cika. Har yau sunansu na cikin jerin Majalisar Ɗinkin Duniya.